Buɗe Hanyar Matsarmama Ba Tare Da Tsaga Ciki Ba: Yadda Ake Kashe Wa Majiyyaci Zafi

Daga cikin dalilan da ke sa mutanenmu su ƙi amincewa da aikin likita, kaɗan ne suka kai tsoron allurar barci ƙarfi. Sau da yawa akan sami majiyyaci wanda idanunsa suka yi rawaya, jikinsa yana ƙaiƙayi dare da rana, an kuwa gaya masa cewa hanyar matsarmamarsa ce ta toshe, kuma akwai yadda za a buɗe ta ba tare da an tsaga cikinsa ba, amma da zarar an ambaci barci sai dangi su ja da baya, su nemi a sallame su su koma gida su gwada na gargajiya. Hujjarsu ita ce barci ƙanin mutuwa ne, ba su da tabbacin ɗan'uwansu zai farka. Wasu kuma tsoronsu dabam ne, watau kada a yi musu aiki ido biyu suna jin duk abin da ake yi.

Duka tsoron nan biyu suna da tushe, kuma maganinsu shi ne sani. Saboda haka a wannan mako za mu duba yadda ake yin wannan aiki, da irin magungunan da likitoci ke amfani da su don kashe zafi da sa barci, da amfanin kowane da haɗarinsa, kana da abin da ya kamata majiyyaci da danginsa su tambaya kafin su sa hannu a takarda.

ME KE TOSHE HANYAR?

Hanta tana samar da ruwan maɗaci, kimanin rabin lita zuwa lita guda a kowace rana. Wannan ruwa yana bin waɗansu ƙananan hanyoyi a cikin hanta, su haɗu su zama babbar hanya guda, wadda ke gangarawa ta zuba a farkon ƙaramin hanji. Matsarmama, wadda wasu ke kira maɗaciya, rumbu ce kawai a gefen wannan hanya, inda ake ajiye ruwan kafin a ci abinci. A daidai bakin da hanyar ke buɗewa cikin hanji tana haɗuwa da hanyar wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu koma kansa a gaba.

Abin da ya fi toshe hanyar shi ne tsakuwa da ta fito daga matsarmama ta maƙale. Sai kuma ciwon daji na fankiriyas ko na hanyar kanta, da tsukewar hanya bayan wani aikin tiyata. A ƙasar nan akwai wani dalili na musamman, watau cutar sikila, wadda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan yaran da ake haifa da ita. Ƙwayoyin jinin mai sikila suna saurin fashewa, abin da ke fita daga cikinsu kuwa yakan taru ya zama baƙar tsakuwa, har ga yara ƙanana.

Idan hanya ta toshe, ruwan maɗaci yakan koma cikin jini. Ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, bayan gida ya yi fari. Jama'a sukan kira wannan duka da sunan shawara, alhali kuwa shawarar da ciwon hanta ke kawowa dabam take da ta toshewa, kuma ta toshewa babu jiƙon da zai buɗe ta. Mafi muni shi ne idan ƙwayoyin cuta suka shiga ruwan da ya tsaya. Tun a 1877 wani likitan Faransa mai suna Charcot ya bayyana alamomi uku na wannan hali: zazzaɓi mai sa rawar ɗari, da rawayar ido, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Wanda ya haɗa ukun nan yana bukatar a buɗe masa hanya cikin kwana ɗaya ko biyu, in ba haka ba cutar tana iya bazuwa cikin jini ta halaka shi.

HANYOYI BIYU NA BUƊEWA

A da babu makawa sai an tsaga ciki. Amma a 1968 Likita William McCune da abokan aikinsa a birnin Washington na Amurka suka ba da labarin cewa sun yi nasarar shiga bakin hanyar nan ta hanyar zura bututu mai madubi ta baki. A 1974 kuma Kawai a Japan, da Classen da Demling a Jamus, suka nuna cewa ana iya ɗan yanka bakin hanyar da waya mai lantarki a fitar da tsakuwa. Wannan aiki shi ne ake kira ERCP a taƙaice. Bututun, wanda kaurinsa ya yi kamar na yatsa, yana bi ta maƙoshi da tumbi har farkon hanji. Daga nan sai a tura wani ruwa da ke fitowa a hoton eksire don a ga inda toshewar take, sa'an nan a jawo tsakuwar da ɗan kwando na waya ko balan-balan, ko kuma a bar ɗan bututun roba ko na ƙarfe a wurin da ya tsuke don ruwa ya riƙa wucewa. Aikin yakan ɗauki daga rabin sa'a zuwa sa'a guda, wani lokaci fiye.

Hanya ta biyu ita ce ta fata. Likita yana duban na'urar hoton ciki, ya soka siririyar allura ta tsakanin haƙarƙarin dama ko ta ƙasan ƙirji, ta ratsa hanta ta shiga ɗaya daga cikin hanyoyin da suka kumbura, kana ya bi da waya, ya faɗaɗa ramin, ya sa bututun da zai riƙa fitar da ruwan cikin jaka. Siririyar allurar da ta sauƙaƙa wannan aiki a Jami'ar Chiba ta Japan aka yi ta, Okuda da abokan aikinsa suka bayyana ta a 1974. Akan bi wannan hanya idan ta baki ta gagara, ko idan toshewar tana can sama kusa da hanta.

Irin zafin da ake ji a ayyukan nan biyu ba ɗaya ba ne. A na baki ba a yanka fata, abin da ke damun mutum shi ne yunƙurin amai, da kumburin ciki saboda iskar da ake hurawa, da murɗa lokacin da ake faɗaɗa hanya, ga shi kuma yana kwance rub da ciki ko ɗan karkace, ana so kada ya motsa ko kaɗan. A na fata kuwa akwai zafi na sosai a wurare uku: fata, da tantanin da ya lulluɓe hanta, da lokacin faɗaɗa rami.

BARCI HAWA-HAWA NE

Tun ranar 16 ga Oktoba 1846, da William Morton ya shaƙa wa wani majiyyaci ita a Boston aka yi masa aiki bai ji ba, ilmin sa barci yake ta bunƙasa, har ya zama fanni mai zaman kansa. Likitocin wannan fanni sun kasa barcin magani kashi huɗu. Na farko shi ne kwantar da hankali kawai, mutum yana farke yana magana. Na biyu shi ne matsakaici, mutum yana gyangyaɗi amma idan an kira sunansa zai amsa, yana kuma numfashi da kansa. Na uku shi ne mai nauyi, ba ya amsawa sai an motsa shi da ƙarfi, numfashinsa kuma yana iya bukatar taimako. Na huɗu shi ne cikakken barci, inda akasari ake sa bututu a maƙogwaro na'ura ta riƙa taya shi numfashi.

Abin lura shi ne babu katanga tsakanin waɗannan hawa. Adadin maganin da zai sa ƙato mai lafiya gyangyaɗi kawai, shi ne zai iya kai tsoho mai ciwon hanta hawa na uku. Don haka ƙa'ida ita ce duk mai ba da maganin ya zama yana iya ceto majiyyaci idan ya zarce hawan da aka nufa.

MAGUNGUNAN DA AKE AMFANI DA SU

Tsohuwar hanya, wadda har yanzu ake bi a asibitoci da yawa na duniya, ita ce haɗa magani biyu a jijiya. Na farko shi ne midazolam, wanda ya shiga hannun likitoci a farkon shekarun 1980. Yana kwantar da hankali, yana kuma sa mutum ya manta abin da ya faru, amma ba ya kashe zafi. Na biyu shi ne mai kashe zafin, daga dangin mofin, watau fetidin da aka fara amfani da shi a Jamus a 1939, ko fentanil da Paul Janssen ya haɗa a Beljiyam wajen 1960, wanda ƙarfinsa ya ninka na mofin kusan sau ɗari. Akan kuma fesa lidoken a maƙogwaro don ya mutu, kada bututu ya tayar da amai. Falalar wannan haɗi ita ce kowane ɗayansu yana da makari: fulumazenil yana karya midazolam, naloksan kuma yana karya dangin mofin, cikin 'yan mintoci. Aibinsa kuwa shi ne idan aiki ya yi tsawo majiyyaci yakan fara motsi da kokawa, idan kuma aka yi ta ƙara magani numfashi ya yi rauni, domin su biyun idan suka haɗu sun fi danne numfashi bisa ga kowane ɗaya shi kaɗai. Bugu da ƙari, hanta ce ke narkar da su, saboda haka mai ciwon hanta da tsoho sukan daɗe ba su wartsake ba.

Na gaba shi ne furofofol, wani farin ruwa mai kama da madara, wanda John Glen ya gano amfaninsa a kamfanin ICI na Ingila a shekarun 1970, aka fara sayar da shi a 1986. Cikin ƙasa da minti guda yake sa barci, idan aka daina turawa kuma mutum ya farka cikin 'yan mintoci da kai wasai. Wannan ya sa ya zama zaɓin farko na aikin ERCP a Amurka da ƙasashen Turai da dama, domin majiyyaci yana kwance lamo har a gama. Amma fa ba shi da makari, ba ya kashe zafi sai an haɗa masa wani, yana saukar da ƙarfin bugun jini, kuma tazarar da ke tsakanin barci da ɗaukewar numfashi a kansa ƙanƙanuwa ce. Shi ne maganin da ya yi sanadin mutuwar mawaƙin Amurka Maikel Jakson a watan Yuni na 2009, da aka ba shi a ɗakin kwanansa ba tare da kayan tsaro ba, kotu kuma ta kama likitansa da laifi a 2011. Darasin da ke ciki shi ne maganin nan sai a asibiti, a hannun gwani, da kayan aiki a kusa.

Akwai kuma ketamin, wanda aka haɗa a 1962, aka amince da shi a Amurka a 1970. Asibitocin Afirka sun san shi ƙwarai, domin yana da araha, yana kashe zafi sosai, kuma galibi yana barin mutum yana numfashi da kansa ba tare da bugun jininsa ya faɗi ba. Illarsa ita ce yawan yawu, da ɗaga hawan jini, da munanan mafarkai lokacin farkawa. Saboda haka akan haɗa ɗan kaɗan daga cikinsa da furofofol ko midazolam, kowane ya rufe aibin ɗan'uwansa.

Cikakken barci da bututu a maƙogwaro ya fi tsada, yana iya barin ciwon maƙogwaro na kwana ɗaya ko biyu, kuma farkawa takan ɗan ja lokaci. Duk da haka, ga waɗansu mutane shi ne ya fi aminci, domin bututun yana tsare huhu daga amai, numfashi kuma yana hannun likita gaba ɗaya. Waɗannan su ne wanda abinci ya taru a tumbinsa saboda ƙari ya toshe mafita, da wanda ruwa ya cika masa ciki, da mai ƙiba ƙwarai ko mai minsharin da numfashinsa ke yankewa cikin barci, da wanda cuta ta bazu a jininsa ya galabaita, da yara, da kuma duk wanda ake zaton aikinsa zai yi tsawo. Don haka kada dangi su ɗauka cewa in likita ya zaɓi cikakken barci alama ce ta an fid da rai.

IDAN TA FATA ZA A BI

A nan ginshiƙin aiki shi ne allurar kashe wuri. Lidoken, wanda Nils Löfgren ya haɗa a Suwidin a 1943, shi ake tsirawa daga fata har zuwa tantanin hanta, a ɗan jira ya kama. Sa'an nan a ƙara da matsakaicin barci da mai kashe zafi a jijiya, musamman dab da lokacin faɗaɗa rami, wanda shi ne mafi zafi. Barin majiyyaci a hawa na biyu yana da amfani a nan, domin likita yakan bukaci ya ce masa ya riƙe numfashi na ɗan lokaci, tun da hanta tana hawa da sauka tare da numfashi. A waɗansu asibitoci akan yi allura kusa da jijiyoyin da ke bin haƙarƙari ko kusa da ƙashin baya, gefen ya mutu na sa'o'i da dama. Kafin a soka allura kuwa dole a auna yadda jini ke daskarewa, domin toshewar hanyar maɗaci tana hana jiki tsotsar bitamin K, wanda rashinsa ke sa zubar jini.

Bayan aiki mutum yakan ji ciwo a wurin bututun idan ya ja dogon numfashi, wani lokaci har a kafaɗar dama. Wannan ba sabon ciwo ba ne a kafaɗa, jijiyar da ke kula da tantanin da ya raba ƙirji da ciki ce take da tushe ɗaya da ta kafaɗa.

MAI TSARON NUMFASHI

Haƙiƙa abin da ke raba barci mai aminci da mai haɗari shi ne wanda ke tsaye a kan majiyyaci. Likitan da ke riƙe da bututu idonsa yana kan hoto, ba zai iya lura da numfashi ba. Wajibi ne a sami mutum na dabam, likitan sa barci ko ma'aikacin jinya da ya koyi aikin, wanda ba shi da wani aiki sai duban numfashi, da bugun zuciya, da hawan jini. Wajibi ne kuma a sami iskar oksijin, da injin zuƙe majina, da ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa mai nuna yawan oksijin a jini, wadda wani injiniyan Japan, Takuo Aoyagi, ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1970.

A nan ne matsalarmu take. Wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya bayyana a 2015 cewa mutane biliyan 5 a duniya ba su da halin samun aikin tiyata da sa barci mai aminci a lokacin da suke bukata. Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya tana ganin aƙalla a sami likita 5 na wannan fanni ga kowane mutum 100,000, alhali a Nijeriya adadin bai kai ɗaya ba. Aikin ERCP kansa a manyan asibitoci ƙalilan ake yinsa. Lalle ya kamata hukumomin lafiya su gane cewa sayen bututu mai madubi rabin aiki ne, sauran rabin shi ne horar da masu sa barci, da biyansu abin da zai riƙe su a gida, da tabbatar da oksijin da wutar lantarki ba sa yankewa.

CIWON BAYAN AIKI

Kumburin ciki da ɗan ciwon maƙogwaro bayan ERCP abu ne da aka saba, yakan wuce cikin yini guda. Inda ake hura iskar kabon dayoksaid maimakon iskar da muke shaƙa, kumburin ya fi saurin sacewa, domin jiki yana tsotse ta da wuri. Amma akwai ciwon da ba a yi masa sakaci. Mun faɗa a baya cewa hanyar maɗaci da ta fankiriyas baki ɗaya suke da shi, to taɓa wannan baki yana iya sa fankiriyas ta kumbura, wannan kuwa ita ce matsalar da ta fi aukuwa bayan aikin. Alamarta ita ce ciwo mai tsanani a saman ciki da ke ratsawa zuwa baya, tare da amai, cikin sa'o'i kaɗan.

An gano cewa wani magani mai araha yana rage wannan haɗari. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2012 a kan mutum 602 waɗanda ke cikin haɗarin kamuwa, kimanin kashi 9 cikin 100 na waɗanda aka sa wa indometasin ta dubura ne suka kamu, alhali cikin waɗanda ba a sa wa ba kimanin kashi 17 ne. Saboda haka yanzu akan sa miligiram 100 na indometasin ko dikulofenak ta dubura dab da aikin, sai fa ga mai ciwon ƙoda, ko gyambon ciki mai jini, ko mace mai tsohon ciki, ko wanda jikinsa ba ya karɓar irin waɗannan magunguna. Kada majiyyaci ya ji kunya ya ƙi. Idan an koma gida, farasitamol ya isa ga ƙaramin ciwo, kada babba ya wuce giram 4 a rana, mai ciwon hanta kuwa ƙasa da haka bisa ga umurnin likita. Amma ciwon da ke ƙaruwa, ko zazzaɓi, ko baƙin bayan gida, ko aman jini, maganinsu shi ne komawa asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

ABIN DA KE KAN MAJIYYACI DA DANGI

Da farko a kiyaye umurnin barin abinci, galibi sa'a 6 ga abinci, sa'a 2 ga ruwa zalla. Uwar da ta tausaya wa ɗanta ta ba shi koko a ɓoye da safen aiki ta jefa shi cikin haɗarin abincin ya koma huhu. Mai sikila kuwa a tuna wa ma'aikata da halinsa tun da wuri, domin yana bukatar ƙarin ruwa a lokacin da ba ya ci ba ya sha, da isasshen oksijin, da rufa daga sanyi, in ba haka ba ciwonsa yana iya tashi.

Na biyu, a faɗa wa likita gaskiya. A ambaci hawan jini, da ciwon sukari, da asma, da minshari, da juna biyu, da maganin tsinka jini, da duk wani jiƙo ko gari da ake sha. Wanda ya saba da tiramol, ko kodin da Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, ko ƙwayar barci, ko barasa, ya faɗa ko da a keɓe ne. Jikin irin wannan mutum ya riga ya saba, adadin da aka saba bayarwa ba zai kama shi ba, idan ya ɓoye shi ne zai sha wuya a kan gado.

Na uku, matambayi ba ya ɓata. A tambayi likita cikin ladabi wane irin barci za a yi da dalilin zaɓensa, wane ne zai tsaya a kan numfashi, ko akwai oksijin da makarin magunguna a ɗakin, kuma wa za a nema idan ciwo ya taso da dare. Likita nagari ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Bayan an sallame shi kuma, majiyyaci ya tafi da ɗan rakiya, kada ya tuƙa mota ko babur, kada ya ƙulla ciniki ko ya sa hannu a wata takarda mai muhimmanci har sai sa'a 24 ta cika, domin magani yana iya saura a kai ko da yana ganin ya wartsake.

Babu aikin likita da ba shi da haɗari, barcin magani ma haka. Amma a wajen wanda hanyar maɗacinsa ta toshe, zazzaɓi kuma ya shiga, haɗarin zama a gida ya fi na barci a hannun gwani nesa ba kusa ba. Duk wanda ya ga idon ɗan'uwansa ya yi rawaya ya gaggauta kai shi asibiti a auna a san wace irin shawara ce. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara mana lafiya, amin.